Bayan Gobara da Ambaliya, Wa Zai Tsaya wa Mai Inshora?



A watan Fabrairun 2023 gobara ta cinye Kasuwar Monday da ke Maiduguri, sannan a watan Satumbar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni da kasuwanni. Bayan irin wannan iftila'i, wanda ya yi wa dukiyarsa inshora kan ɗauka cewa diyya za ta zo masa da kanta. Ba haka abin yake ba, shi ya sa muke cewa bai kamata ya tunkari kamfani shi kaɗai ba.

Idan aka kai rahoton asara, kamfani kan turo ƙwararren mai ƙiyasta ɓarna. Mutum ne mai lasisi, ba kuma zarginsa muke yi ba, amma kamfanin ne ya ɗauko shi, shi ne kuma zai biya shi. Zai nemi rasit da littafin ciniki da rahoton 'yan kwana-kwana, alhali sau da yawa takardun sun ƙone tare da kayan. Zai kuma bi yarjejeniyar layi-layi. Inshorar gobara zalla ba ta ɗaukar ɓarnar ambaliya sai in an ƙara sharaɗin tun farko. Akwai kuma ƙa'idar da ta fi ba 'yan kasuwa mamaki: mai hajar naira miliyan 20 da ya yi inshorar miliyan 10 kawai, idan ya yi asarar miliyan 8, miliyan 4 za a ba shi, tunda rabin hajar ya rubuta. A ƙarshe za a miƙo takardar sallama, wadda sa hannu a kanta ke nufin an amince da adadin, magana ta ƙare. Mutumin da bai gama karɓar jaje ba, ga iyali ga masu bin bashi, yaya za a yi ya auna duk wannan?

Wani zai ce ai ɗaukar ƙwararre ƙarin kashe kuɗi ne ga wanda ya riga ya karye. Gaskiya ne lauya ko mai ƙiyasi na kanka sai ka biya shi, kuma a ƙaramar asara ba lallai ba ne. Amma dillalin inshora mai rajista wakilin mai dukiya ne, la'adarsa daga kamfani take fitowa, bin diyya kuwa yana cikin aikinsa. Wani kuma zai ce 'yan damfara kan yi yawa bayan masifa. Haka ne, shi ya sa ake tambayar lasisin hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora, wadda kuma take karɓar ƙorafi idan kamfani ya yi jan ƙafa. Masu takaful (inshorar Musulunci) ma kada su saki jiki, domin can ma da hujja ake biya. Karɓar ƙaddara kuwa bai hana mutum neman haƙƙin da ya biya kuɗinsa ba.

Don haka masu sauraro, in abin ya afku, Allah ya kiyaye, ku sanar da kamfani nan take, ku ɗauki hotunan ɓarnar kafin a kwashe komai, kuma kada ku sa hannu a takardar sallama sai wanda ya san harkar ya karanta muku ita.