Shekarun Kwaɗo da Girmansa: Abin Lura Ga Masu Tsara Darasi

A wannan kashi za mu duba yadda ya kamata a koyar da rayuwar kwaɗi da harshen Hausa, musamman a unguwanni irin su Kagarawal da ke birnin Gombe, inda yara ke ganin kwaɗi a kududdufai duk damina. Matsalar ita ce, kalmar “babba” tana nufin girman jiki, tana kuma nufin yawan shekaru. Saboda haka ɗalibi yakan ɗauka duk kwaɗon da ya fi jiki shi ne ya fi tsufa, alhali ba haka abin yake ba. A yawancin jinsunan kwaɗi mace ta fi namiji jiki, kuma da zarar kwaɗo ya isa haihuwa sai girmansa ya ragu ƙwarai.

Masana sukan gane shekarun kwaɗo ne daga ƙashin yatsarsa. Idan rani ya yi, abinci ya yi ƙaranci, ƙashin yakan tsaya da girma, ya bar wani siririn zobe. Ana yanka ƙashin, a duba shi a madubin ƙara girman abu, a ƙirga zobban. A ƙasar da rani ke zuwa sau ɗaya a shekara, kamar Gombe, kowane zobe yana iya zama shekara guda.

Dangane da tsira kuwa, mace takan saki ƙwai masu ɗimbin yawa, amma mafi yawan 'ya'yan sukan mutu tun suna da wutsiya, ko dai kududdufi ya ƙafe, ko ƙwarin ruwa su cinye su. Har ma 'ya'yan burduddugi sukan ci na wasu kwaɗin. Ke nan ɗorewar zuriya ta dogara ne ga 'yan ƙalilan da suka kai munzalin haihuwa. Su ne kuma ake kamawa a Arewa, a busar, a kai kasuwannin Kudu.

Binciken duniya na 2004 ya nuna kusan kashi ɗaya bisa uku na jinsunan kwaɗi da danginsu suna fuskantar barazanar ƙarewa. Na 2023 ya nuna kashi 41 cikin 100.

Don haka muna ba da shawarar a raba kalmomin a manhaja: “girman jiki”, “shekaru” da “yawan masu tsira”. A kuma sanya darasin cikin damina, domin ɗalibai su auna 'ya'yan kwaɗi mako-mako, su rubuta abin da suka gani da Hausa.