Ƙananan kalmomin da ke kayar da mai koyon Turanci

Ɗalibi ya juya wurin abokinsa a aji ya ce, "Borrow me your biro." Abokin ya gane, ya miƙa masa. Amma da a takardar WAEC ko NECO ya rubuta haka, da mai duba jarrabawa ya ja masa jan layi. Ba rashin kai ne ya jawo ba, Hausa ce take magana da bakin Turanci. Mu kalma ɗaya muke juyawa, mu ce "na ari biro" ko "ara mini biro". Bature ya raba ta gida biyu: mai karɓa shi ke yin "borrow", kuma "from" ce ke bin ta, kamar "I borrowed it from Musa". Mai bayarwa shi ke yin "lend", don haka abin da ɗalibin nan yake nufi shi ne "lend me your pen". Haka "koya mini" take, "teach me" ce, ba "learn me" ba.

Kalmar "ji" ta fi kowace jawo rigima, domin aikinta a Hausa ya yi yawa. Muna jin magana, muna jin wari, muna jin sanyi, muna jin Larabci. A Turanci "hear" ta kunne ce kaɗai. Wari "smell" ake yi masa, sanyi "feel", harshe kuwa "understand". Wanda ya ce "I don't hear French" kamar ya ce ne sautin bai iso kunnensa ba. Ita ma "sha" haka: ruwa da shayi "drink", amma magani "take", taba kuma "smoke".

Sai a zo kan 'yar ƙaramar "a", wadda muke sa wa komai: a Kano, a kan tebur, a ranar Litinin, a 1960. Turanci ya raba aikinta tsakanin "in", "on" da "at". Shekara, wata da gari suna ɗaukar "in": "in 1960", "in March", "in Zinder". Rana da kwanan wata suna ɗaukar "on": "on Monday", "on 1st October". Ƙarfe nawa da takamaiman wuri kuwa na "at" ne: "at four o'clock", "at the gate". Kada mutum ya wahalar da kansa neman hikima a ko'ina. Ana cewa "in the morning" amma "at night", ana cewa "in a car" amma "on a bus". Haka masu harshen suka gada, sai dai hadda.

Inda na fi ganin manya masu digiri suna tuntuɓe shi ne cusa kalma inda ba a gayyace ta ba. "Discuss about", "emphasize on", "comprise of" sun cika takardun ofis, alhali waɗannan aikatau ɗin su kaɗai suke tsayawa: "we discussed the matter". Wasu kuma dole sai da 'yar rakiya, ko da yake Hausa ba ta buƙatar ta. Muna cewa "jira ni", "saurare ni", "ba ni amsa", amma a Turanci "wait for me", "listen to me", "reply to me". Aure ma ana yin sa "da" wani a Hausa, shi ya sa "married with" ke zuwa baki da sauri, daidai kuwa "married to".

Gaskiya ne Turancin Najeriya ya fara samun kujera a zaure. A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 daga ƙasar nan, har da "okada" da "Kannywood". Sai dai mai duba jarrabawa bai daina bin tsohuwar ƙa'ida ba.

Dabarar da ta fi aiki ita ce kada a haddace kalma ita kaɗai, a rubuta ta tare da abokiyar tafiyarta: "depend on", "good at", "afraid of", "congratulate on". Sauya abokiyar tafiyar kan sauya ma'ana gaba ɗaya. Uwar da ta ce "look at the baby" kallo ta nema, wadda ta ce "look after the baby" reno take so, wadda kuwa ta ce "look for the baby" yaronta ya ɓace.