Saƙon cikin jiki da maganin sankarar jini

Mai karatu, ka san yadda saƙon sarki yake isa ga talakawa: daga fada zuwa ga mai gari, daga mai gari zuwa ga mai unguwa, sannan mai shela ya zaga. Haka jikinka yake aiki. An gina shi da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, kuma ƙwaya mai lafiya ba ta rabuwa biyu ta hayayyafa sai umurni ya zo mata.

Su wane ne masu kai saƙon?

Wasu furotin ne da ake kira kinaz, kuma akwai irinsu fiye da 500 a jikin mutum. Aikin kinaz shi ne ya ɗauko ɗan guntun sinadarin fosfat daga ATP, wato makamashin ƙwaya, ya liƙa wa furotin na gaba, kamar yadda ake buga hatimi a takarda. Wanda aka buga wa sai ya farka ya miƙa saƙon gaba, har ya isa tsakiyar ƙwayar. In buƙata ta biya, wasu furotin su cire hatimin, saƙo ya tsaya. Edmond Fischer da Edwin Krebs ne suka gano wannan tsari a Amurka, aka ba su kyautar Nobel a 1992.

Idan manzo ya ƙi yin shiru

A 1960, a birnin Filadelfiya, Peter Nowell da David Hungerford sun ga wani gajeren kuromozom a jinin masu wata sankara ta ɓargo wadda ke tafiya a hankali, likitoci na kiranta LMC a Faransanci. A 1973 Janet Rowley ta nuna cewa kuromozom na 9 da na 22 ne suka yi musayar guntaye. Daga wannan haɗi ake samun gurɓataccen kinaz mai suna BCR-ABL, wanda ke buga hatimi dare da rana ba tare da umurni ba. Sai ɓargo ya yi ta zubo fararen ƙwayoyin jini fiye da kima. Ba gadon cutar ake yi ba, kuma ba a ɗaukarta daga wani.

Yadda magani ke aiki

Kinaz yana da gurbin da ATP ke shiga. Maganin imatinib, wanda ake sayarwa da sunan Glivec, yana toshe wannan gurbi, sai hatimi ya daina fita. An amince da shi a Amurka a 2001, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna a 2015. A da, cutar kan kashe mutum cikin ƴan shekaru. Yanzu yawancin masu shan maganin a kan ƙa'ida suna yin tsawon rai kusan kamar kowa. In ya daina aiki, akwai na bayansa, irin su dasatinib da nilotinib.

Abin da ya kamata ka riƙe

1. Alamun cutar sun haɗa da gajiya, rama, zufar dare da kumburin saifa a hagun ciki. A ƙasarmu akan ɗora waɗannan a kan zazzaɓin cizon sauro. Idan an sha magani ba su wuce ba, ka nemi a yi awon jini a asibiti.
2. Maganin rufe bakin manzon yake yi, ba lalle ya kawar da shi ba. Saboda haka kullum ake shansa. Jin sauƙi ba dalilin dainawa ba ne, likita kaɗai ke yanke wannan shawara bayan awo.
3. Tashin zuciya, kumburin fatar ido da ɗaurewar jijiyoyi na iya zuwa. Ka gaya wa likita, kada ka rage da kanka.
4. Mace mai ciki ko mai neman haihuwa ta sanar da likita tun da wuri, domin maganin na iya cutar da ɗan tayi.
5. Ba kowace sankara yake yi wa aiki ba. Kada ka saya a kasuwa, kada ka ba wani naka.