Abin da Ke Sa Nono Saurin Tsami da Bazara

Masu tallar nono a unguwar Gomari ta Maiduguri sun san kindirmon da kan kwana lafiya da hunturu ba ya kai la'asar a watan Afrilu, sa'ad da zafi kan haura digiri 40. A 1889 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya bayyana dalili: zafi kan sa ƙwayoyin sinadarai su riƙa karo da ƙarfi, sai su sauya da wuri. Ƙarin digiri 10 kan kusan ninka wannan sauri. Shi ya sa ake ajiye nono a inuwa, gindin randa. Magani ma haka yake: wanda aka shanya a rana ƙarfinsa kan ragu tun wa'adinsa bai cika ba.