3.4 Ƙaurar Shafin Intanet Daga Wani Adireshi Zuwa Mai Kama Da Shi

A sashen da ya gabata an yi bayanin yadda ake yi wa shafin intanet rajistar suna, da kuma rawar da ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a shekarar 2005, take takawa wajen kula da sunayen da suka ƙare da .ng. A nan kuma za a dubi abin da ke faruwa idan aka tashi sauya wa shafi adireshi, musamman idan sabon ya yi kama da tsohon, da kuma hanyar da ake bi don kada shafin ya rasa matsayinsa a wurin injin bincike irin su Google.

Dalilan da ke jawo irin wannan ƙaura suna da yawa. Wani lokaci hukuma ce take sauya suna ko ta sauya hannu, kamar yadda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure ta fara a matsayin makarantar jiha kafin Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a shekarar 2007. Wani lokaci kuma masu shafin ne ke neman suna mai sauƙi ko mai faɗi. Jaridar The Guardian ta Ingila ta tashi daga guardian.co.uk ta koma theguardian.com a shekarar 2013. A nan gida, Daily Trust ta bar dailytrust.com.ng ta koma dailytrust.com, haka kuma Naij.com ta rikiɗe ta zama Legit.ng a shekarar 2018, tare da sashenta na Hausa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka cewa tunda sunayen biyu sun yi kama, injin bincike zai gane da kansa cewa abu ɗaya ne. Wannan tunani ya samo asali ne daga yadda mutane ke mu'amala da adireshi. Alal misali, a ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga Jihar Kano, adireshin mutanen Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa ya sauya, amma garuruwan suna nan inda suke. Ma'aikacin gidan waya da ya ga an rubuta "Kazaure, Jihar Kano" a bayan ambulan ya san inda ake nufi, domin yana da hankalin da zai cike giɓin. Injin bincike ba ya yin wannan uzuri. A wurinsa, bambancin harafi ɗaya ya isa ya mai da adireshi wani gida daban, baƙo, wanda bai tara komai ba tukuna.

Abin da tsohon adireshi ya tara kuwa shi ne shaida. Tun daga tsarin PageRank da Larry Page da Sergey Brin suka gina Google a kansa a shekarar 1998, ana ɗaukar duk mahaɗin da wani shafi ya sanya yana nuni zuwa wani a matsayin shaidar arziki. Ke nan idan jaridu da hukumomi sun shafe shekaru goma suna nuni zuwa shafin wata makaranta, duk wannan shaida tana rataye ne a wuyan tsohon adireshin. In aka tashi ba sallama, a can za a bar ta.

Hanyar ɗauko ta ita ce umarnin karkatarwa mai lamba 301. Wannan umarni ana sanya shi a kwamfutar da ke ɗauke da tsohon shafin, ta yadda duk wanda ya zo, mutum ne ko injin bincike, za a shaida masa cewa an yi ƙaura ta dindindin, a kuma miƙa shi sabon wuri nan take. Akwai ɗan'uwansa mai lamba 302, wanda ke nuna ƙaura ta ɗan lokaci, don haka bai dace da wannan aiki ba. A shekarar 2016 kamfanin Google ya bayyana cewa karkatarwa ba ta rage wa shafi ƙimar da ya tara.

Sai dai a nan ne aikin ke da wahala, kuma nan ne masu gina shafi suka fi yin kasala. Wajibi ne kowane tsohon shafi a haɗa shi da takwaransa a sabon adireshi: na neman gurbin karatu ya tafi na neman gurbin karatu, na biyan kuɗin makaranta ya tafi na biyan kuɗi. Idan aka tattara su duka aka zuba a shafin farko, tamkar mutum ne ya tambayi gidan wane aka kai shi bakin tasha aka sake shi. Google kan ɗauki irin wannan a matsayin shafin da ya ɓata, kamar mai nuna lamba 404. Haka kuma bai kamata a haɗa ƙaura da sauya fasalin shafin a lokaci guda ba, domin idan matsayi ya faɗi ba za a san wanne ne ya jawo ba.

Bayan wannan sai a shiga Google Search Console a tabbatar da mallakar adireshin biyu, a sanar da sauyin ta wurin da aka tanada don haka, a kuma miƙa jerin sababbin shafukan. Ko an yi komai daidai, matsayi kan yi 'yar tangarɗa na wasu makonni kafin ya daidaita.

Batun da mai wannan nazari yake ganin ya fi shafar wannan yanki shi ne makomar tsohon adireshin. Shawarar Google ita ce a bar umarnin karkatarwa ya yi aƙalla shekara ɗaya, amma ga makaranta ko asibiti ko ofishin gwamnati, shekara ɗaya ta yi kaɗan. Sunan adireshi haya ne, ana sabunta shi lokaci zuwa lokaci, kuma idan wa'adi ya wuce ba a biya ba, sunaye irin na .com da .com.ng kowa na iya saye. Sunayen .edu.ng da .gov.ng sun fi tsaro, tunda ba a ba kowa su. Wanda ya sayi tsohon suna ya gaji duk jama'ar da suka saba da shi, kuma kamar da ke tsakanin sunayen biyu ita ce za ta rufe masa asiri.

Yawancin ɗaliban da ke neman gurbi daga ƙauyukan Roni da Gwiwa, ko masu son shiga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a shekarar 2021, ba sa rubuta adireshi da hannunsu. Sunan makaranta suke rubutawa a waya su danna abin da ya fara fitowa, ko kuma su ba mai shagon kwamfuta kuɗi ya cike musu fom. Mai wannan nazari ya taɓa zama a irin wannan shago a Kazaure, ya ga an manna adireshin wata makaranta a bango da rubutun hannu, takardar har ta yi ja don daɗewa, alhali makarantar ta sauya adireshi tuni. Mai shagon bai san da sauyin ba, domin duk sanda ya rubuta tsohon, umarnin 301 na miƙa shi sabon. Ranar da aka daina biyan kuɗin wancan tsohon suna, duk yaron da ya zo cike fom a wannan shago zai faɗa hannun wanda ya saye shi, tare da kuɗin da mahaifinsa ya sayar da gero ko akuya ya ba shi.