Malamin Taurari na Birnin New York da Tuhumar da Ya Yi wa Imamu Gazali

Wanda ya tashi a karkara, ya saba kwana a tsakar gida da bazara yana duban Kaza da 'Ya'yanta har barci ya sace shi, da wuya ya gaskata cewa akwai ɗan Adam mai lafiyar ido da zai shekara tara a duniya bai taɓa ganin sama cike da taurari ba. To, haka al'amarin Neil deGrasse Tyson ya kasance, wanda aka haifa a New York ta ƙasar Amurka ran 5 ga Oktoba, 1958, ya kuma girma a unguwar Bronx, inda hasken fitilu ya rinjayi na sama. Ranar da iyayensa suka kai shi ɗakin kallon taurari na Hayden, aka kashe fitila, aka haska surar samaniya a cikin ƙubba, shi da bakinsa ya ce ya ɗauka yaudara ce, don a saninsa taurari ba su kai haka yawa ba. Daga wannan rana ilmin falaki ya shiga ransa.

Yana ɗan shekara 17 shahararren malamin nan Carl Sagan ya gayyace shi jami'ar Cornell, ya zaga da shi da kansa, da zai sallame shi kuwa, ganin ƙanƙara na zuba, ya rubuta masa lambar wayar gidansa, ya ce in mota ba ta zo ba ya dawo ya kwana wurin iyalinsa. Yaron bai shiga Cornell ba, Harvard ya zaɓa, ya gama a 1980. Amma ya sha faɗin cewa a ranar ce ya gane irin mutumin da yake son ya zama, bayan da ma ya san irin ilmin da yake nema. Karatun bai zo masa da sauƙi ba: a jami'ar Texas an rushe kwamitin da ke duba bincikensa, sai da ya koma Columbia ya sami digirin digirgir a 1991. A 1996 aka naɗa shi shugaban ɗakin nan na Hayden, inda ya shiga yana yaro ya yi zaton ana zolayarsa.

Fuluto ce ta fara fito da sunansa. Tun da aka gano ta a 1930 ake karantar da yara cewa ita ce ta tara cikin duniyoyin da ke kewaya rana. Da aka buɗe sabon ginin ɗakin na Hayden a shekarar 2000, sai masu ziyara suka tarar ba a jera ta cikinsu ba, an haɗa ta da dunƙulallun ƙanƙara da ke yawo can bayan Naftun, bisa hujjar cewa da su ta fi kama, ga shi ko girman watanmu ba ta kai ba. Wasiƙun fushi suka yi ta zuwa, har daga 'yan firamare. A 2006 ƙungiyar masana falaki ta duniya ta zauna a birnin Prague ta sauke Fuluto daga muƙaminta. Bayan haka ga shirin StarTalk tun 2009, ga shirin talabijin na Cosmos kashi 13 a 2014, wanda ya gada daga Sagan; kuma haƙiƙa Allah ya hore masa fasahar harshe, yana iya ɗauko mas'alar da ta gagari ɗalibai ya warware ta yadda direban tasi zai fahimta.

Game da addini ya ƙi a kira shi mulhidi. Ya ce shi dai bai tabbatar ba, bai kuma kore ba. Sai dai akwai wata lacca da ya gabatar a 2006 a jihar Kalifoniya, wadda ta shafe mu Musulmi. A ciki ya yabi Bagadaza ta tsakanin 800 da 1100, ya tuna wa Turawa cewa galibin taurari masu suna da Larabci ake kiransu, kuma gaskiyarsa: Aldebaran ai Dabaran ne da malaman hisabi suka sani cikin manzilolin wata, Rigel kuwa rijlu ne, wato ƙafa. Sa'an nan ya ɗora alhakin gushewar wannan zamani a wuyan Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, wai shi ya karantar cewa lissafi aikin Shaiɗan ne.

A nan Tyson ya yi tuntuɓe. Duk almajirin da ya buɗe juzu'in farko na Ihya'u, littafin Gazali, ya san ya sanya likitanci da hisabi cikin farilla ta kifaya, saboda buƙatar ciniki da wasiyya da rabon gado. A cikin littafinsa Munƙizu kuma ya bayyana cewa jahilin masoyi da ke musun lissafin husufin rana da na wata da sunan kare addini, babban laifi yake yi wa addinin. Abin da ya ji tsoro shi ne ɗalibi ya ruɗu da ƙwarewar falasifa a lissafi har ya bi su a aƙida ba hujja. Tarihi ma bai goyi bayan Tyson ba, domin a 1259, shekara guda bayan Mongol sun rushe Bagadaza, Nasiruddin Ɗusi ya kafa gidan nazarin taurari a Maraga. Ibnu Shaɗir, mai ƙididdige lokutan salla a masallacin Umayyawa na Dimashƙa, wanda ya rasu a 1375, ya tsara lissafin tafiyar wata irin wanda ya bayyana daga baya a littafin masanin falaki Kofanikus na 1543. Ulug Beg na Samarƙandi kuwa ya ƙayyade matsayin taurari fiye da dubu, shekara ɗari uku bayan an rufe Gazali. Abin mamaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi bayyana wannan, George Saliba, a Columbia ya karantar, jami'ar da ta ba Tyson digirinsa.

Ni dai a ganina, in Tyson ya yi magana kan haihuwar taurari da mutuwarsu, a tattara hankali a saurare shi, don fagensa ne. Hukuncin da ya yanke wa Gazali kuwa, mai karatu ya jingine shi, ya ɗauko Ihya'u ya duba babin ilmi da idonsa.