Ruwan Bakolori na jiran matasan Morai

Noman rani a garuruwan Talata Mafara, Bakura da Maradun ya dogara ne da madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato. An tsara ta shayar da kadada 23,000, amma injinan feshin ruwa suka lalace, magudanai suka cushe. Ruwan nan kuwa da jini aka same shi: a Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu.

Yau jikokinsu da dama sun tafi ci-rani ko haƙar zinare. 'Yan bindiga sun hana noma gonakin nesa, taki ya yi tsada, tumatir na ruɓewa in kasuwa ta cika.

Shirin TRIMING na Bankin Duniya ya gyara wasu magudanai, amma gyara ba ya shuka shinkafa. Ɗalibai, Kwalejin Aikin Gona na nan Bakura. Wanda ya iya zaɓen iri, busar da tumatir da lissafin riba, kadada ɗaya za ta riƙe shi a gida.